Godiya ga abokan zaman daren Alhamis

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya dawo da mu garinmu Wad Madani na ƙasar Sudan da ranmu, ina miƙa godiyata a bainar jama'a ga abokaina na zaman daren Alhamis, waɗanda suka haɗa kuɗi ba da sanina ba suka saya mini sabuwar jita, sannan suka taru a tsakar gidana makon jiya domin mu ji muryarta tare.

Na san wani zai ce, a lokacin da jama'a ke neman magani da rufin ɗaki, me ya kai dattijo mai furfura ga maganar jita. Ba zan yi musu da shi ba, sai dai in shaida masa cewa fiye da shekara 40 ke nan muna wannan zama, tun muna samari, lokacin da idan tsirkiya ta tsinke sai mu warware wayar birkin keke mu ɗaura. Abin da muke rerawa kuwa ba na rawar biki ba ne. Waƙoƙin niƙa ne da na daɓe da muka ji a bakin kakanninmu mata, da waƙoƙin noma da iyayenmu suka yi a gonakin audugar Jazira, da na hanya waɗanda suka taho tare da mutanen da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, har wasunsu suka zauna a Mai Wurno kusa da Sinnar. Garaya da gurmi ne asalin abokan waɗannan waƙoƙi, amma da yake waƙarmu da waƙar Sudan duk a kan muryoyi biyar suke tafiya, jita ba ta taɓa yi mana gardama ba. Nakan bar tsirkiyoyin sama su huta, in daki biyun ƙasa kamar mai garaya. Haɗa Hausa da Larabci a zama ɗaya ma ba mu muka fara ba, domin A'isha Fallatiya, wadda muryarta ta fita a rediyon Omdurman tun 1942, da harsunan biyu ta yi waƙa.

Da yaƙi ya iso garinmu a Disamban 2023, takardu da 'yan tufafi kawai muka ɗauka muka nufi Gadarif, na bar tsohuwar jitata rataye a bangon ɗaki. Da muka dawo, ƙusar kaɗai na tarar. Ban faɗa wa kowa abin ya dame ni ba, ashe uwargida ta lura da yadda nake tsayawa ina kallon ƙusar nan, ita ce kuma ta tsegunta wa abokaina. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri.

Ina gode wa ƙanenmu da ke tuƙi a Jidda, wanda ya zaga kantuna yana kiran waya yana kaɗa mana kowace ɗaya, ni kuwa ina zaton shawara yake nema don ɗansa. Ina gode wa Alhajin da ya sako ta cikin kayansa a jirgin ruwa har tashar Sawakin ta Sudan, da yaron da ya naɗe ta da bargo ya rungume ta a cinyarsa cikin bas, ta Kasala da Gadarif, ya ƙi yarda a ɗora ta a saman mota. Mai agashen bakin layinmu ya kawo nama ya ƙi karɓar ko sisi, maƙwabta suka ba mu aron fitila da angarib biyu, wato gadon igiya irin na Sudan, suka kuma yi haƙuri da mu har dare ya raba.

Gaskiya ban kaɗa da kyau ba a daren. Kantar yatsuna ta gushe, tsirkiya tana cizona, kuma a tsakiyar wata waƙar daɓe baiti ya ɓace mini ƙaf. Wanda ya saba ɗaga ni a irin wannan wuri shi ne Yayanmu mai jan amshi, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Kasala muna gudun hijira, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Muka yi shiru muna duban juna, sai ga muryar mai ɗakinsa daga bayan zana, inda take dafa mana jabana, wato gahawa, ta ƙarasa baitin ba tare da ta ɗaga murya ba. Shekaru tana jin mu daga cikin gida, ba mu taɓa sanin ta haddace ba. Yaya Hajiya, ba ni da bakin gode miki.

Za mu ci gaba da zama kowace Alhamis bayan sallar Isha'i, in Allah ya yarda, kuma samarin da suka ɗauki daren a waya sun yi alkawarin tura wa 'yan'uwanmu da ke Jidda da Alƙahira. Roƙona guda ne: duk wanda yake da tsohon kaset mai muryar marigayi, ko da ya fara cin zare, ya taimaka ya kawo mana, domin akwai waƙoƙi uku da muka kasa tuna farkonsu.