Laraba a Toolik, arewacin Alaska

Yau mun wuni a kan ruwa. Da sassafe muka haɗa ƙananan kwale-kwale biyu muka ɗaure su a tsakiyar wani tafki da ke kusa da sansanin bincike na Toolik, sannan muka riƙa tura bututun ƙarfe cikin lakar ƙasan ruwa muna zaro ta. Sauro bai raga mana ba. Rana kuwa ba ta faɗuwa a nan a farkon Yuli, don haka magariba da isha'i sai na duba agogo.

Wata ɗaliba da ta shigo aikin bana ta tambaye ni: "Malam, me ya sa mutum zai ƙarar da ƙuruciyarsa a kan laka?" Na nuna mata yadda lakar take hawa-hawa, na bayyana mata cewa kowace shekara iska tana zubo ƙurar furannin tsirrai a kan ruwa, ƙurar ta nutse, kuma ɓawonta ba ya ruɓewa ko da an yi dubban shekaru. Tun 1916 Lennart von Post, masani ɗan Suwidin, ya nuna cewa ƙidayar waɗannan ƙwayoyi tana bayyana tsirran da suka rayu a wuri. Rabin rayuwata a wannan ƙidaya ya tafi, ido a kan madubin ƙara girma.

Abin da lakar Alaska ta nuna shi ne, kimanin shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da teku ya ja baya da kusan mita 120 har ƙasa ta haɗa Alaska da Saberiya, ciyawa da dangin tazargade ne suka rufe waɗannan filaye, giwaye masu gashi da dawakai suna kiwo. Wajen shekara 14,000 da suka wuce, da ɗumi ya ƙaru, sai gajerun itatuwa suka mamaye wurin.

Da yamma na fito wa ɗalibar da kwafin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama tsakanin 1948 da 1950 domin neman man fetur, muka jera su da waɗanda aka sake ɗauka bayan shekara hamsin. A gangaren kogin Colville itatuwan sun yi tsawo, sun cike sararin da ke tsakaninsu. Wannan ya fi damuna fiye da duk abin da ke cikin bututu, domin sauyin ya auku ne cikin rayuwar mutum ɗaya. Itatuwan suna tare dusar ƙanƙara, ita kuma ta lulluɓe ƙasa kamar bargo, ƙasar ba ta yin sanyi sosai a hunturu, ƙananan halittun cikinta su ci gaba da sakin taki, itatuwan su ƙara girma. Da bazara kuma inuwarsu tana sanyaya ƙasa, shi ya sa ba na yarda da masu gaggawar yanke hukunci kan makomar daskararriyar ƙasar da ke can ƙasa, wadda ba ta narkewa ko da bazara.

Gobe za a naɗe lakar a rubuta mata lamba, a bi titin Dalton da ita zuwa Fairbanks.