Yadda Motar Familiyal Ke Faɗa Maka Shekarun Tsohon Hoto

Hotunan Yamai na da suna yawo a Facebook da WhatsApp, kowa yana liƙa musu shekarar da ta zo bakinsa: wannan ya ce 1965, wancan ya ce zamanin Kunce. Alhali sau da yawa amsar tana tsaye a bakin titi cikin hoton, wato doguwar Peugeot mai layin kujeru uku da ake kira familiyal. Wanda ya iya duban motar nan zai rage kuskurensa sosai.

A fara da fitilun gaba. In zagayayyu ne, gefen baya kuma ya miƙe da tsini kamar fiffike, 404 ce. Ƙaramar, mai layin kujeru biyu, ta fito a 1960, doguwar a 1962. In fitilun masu kusurwa huɗu ne, sun ɗan karkace, rufin kuma ya ɗaga daga tsakiya zuwa baya, 504 ce, kuma doguwarta ba ta fito ba sai 1971, shekara uku bayan ƙaramar. Saboda haka duk hoton da ke da doguwar 504 aka ce na shekarun 1960 ne, ba haka ba ne. Doguwar 505 kuwa, mai faɗin jiki da manyan gilasai, daga 1982 take. Hannun ƙofa ma shaida ne: 504 ta farko tana da hannu mai fitowa waje da maɓallin dannawa, daga tsakiyar shekarun 1970 aka koma wanda ya shige cikin ƙofa.

Sai dai mota iyaka ɗaya take bayarwa. Tana cewa hoton bai riga shekara kaza ba, amma ba ta cewa bai wuce shekara kaza ba. Yawancin motocin nan sun iso Nijar ne bayan sun gama aiki a Turai. Wasu matasan Turawa ne suka keto hamada da su ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit suka sayar, wasu ta tashar jirgin ruwan Kwatano suka shigo, wasu kuma daga masana'antar Kaduna, wadda ta fara haɗa Peugeot a 1975 ta kuma ci gaba da fitar da 504 har 2006. Mota mai shekara goma sha biyar tana iya zama sabuwar shigowa a tashar Wadata.

Ɗaya iyakar, gine-gine ne ke ba da ita. An buɗe gadar Kennedy, wadda ke kan kogin Yamai, a 1970. In hoton ya nuna jirgin fito yana tsallakar da mota a wurin, ya girmi gadar. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ginin da muka sani yanzu a 1987 aka buɗe shi. To in ka ga doguwar 504 a gaban tsohuwar kasuwar, hoton yana tsakanin 1971 da 1982, shi ke nan, ba gardama. Ƙaramar kasuwa ita ma wuta ta cinye ta a 2012.

Abin da ya sa direbobin tasha suka riƙe 504 yana ƙarƙashinta. Tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2,90 ne, ƙaramar kuwa 2,74. Bayanta sandar ƙarfe ɗaya ce mai ɗauke da tayoyin biyu, a kan rasor (ƙarfen da ke rage girgiza) huɗu masu murɗi, biyu kowane gefe. Kamfani ya yi ta don mutum bakwai, tasha ta mayar da ita ta tara ban da direba: biyu gaba, huɗu tsakiya, uku baya, ga buhuna da tabarmi da akwatuna a kan rufi. Shi ya sa a hotuna za ka ga gindinta ya zauna, hancinta ya kalli sama. In ka ga wadda bayanta ya ɗaga fiye da ƙima ba kaya, an sa mata rasor masu tauri ne a gareji.

Hoton da aka fi samu a bakin hanya shi ne na mota an buɗe mata baki, fasinjoji suna inuwar icce. Zafi ne kusan kullum. Fankar injin ba ta juyawa da ƙarfi koyaushe, wani maganaɗisu ne ke kama ta in ruwa ya yi zafi, kuma da ɗan gawayin da ke kai masa wuta ya cinye, fanka ta daina kamawa. Makanikai sukan ɗaure ta da kusoshinta ta riƙa juyawa dindindin. Ruwan rijiya da ake ɗurawa yana barin farar ƙasa tana toshe radiyata. Direba ya matsa a zafin watan Afrilu, jwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin injin da murfinsa (kulas), ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Kuskuren da ya fi tsada shi ne zuba ruwan sanyi a injin da ya tafasa a kashe, don kulas na aluminiyam ne, yana lanƙwashewa. A bari ya huce, a tada shi, sannan a zuba a hankali.

Wuraren tsayawa ma suna taimakawa wajen gane inda aka ɗauki hoto. A kan hanyar Dosso, kilomita wajen 60 daga Yamai, akwai Kure, inda iyalai suka saba sauka daga gudro su bi jagora neman raƙuman dawa. A tsakiyar shekarun 1990 kusan hamsin kacal suka rage, don haka hoton babban garke ya fi kama da na baya-bayan nan. Da damina suna kan tudu kusa da hanya, da rani su gangara Dallol Bosso, kuma ciyawar da ke hoton za ta nuna maka lokacin. Jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai a bayan gari, Dogon Dutsi ne. Mai zuwa Tawa yakan wuce Ƙonni ya karkata arewa a Tsarnawa. Wanda kuma ya tsaya kusa da busasshen iccen Tenere a gidan tarihi na Yamai, hotonsa bai riga ƙarshen 1973 ba, shekarar da mota ta buge iccen aka ɗauko shi daga hamada.

In hoton yana hannunka, juya bayansa kafin komai, don masu wankin hoto da yawa suna buga wata da shekara ko hatimin shagonsu. Kada a manna masa salatif, kada a rufe shi da roba mai zafi, domin ba ya fita kuma. Wanda ya manne da gilashi saboda laimar damina, a kwafe shi tare da gilashin, kada a ɓamɓare. A kwafa da na'ura a kan dpi (ma'aunin kaifin hoto) 600 aƙalla, don a ƙasa da haka hannun ƙofa da lambar mota ba sa fitowa in an faɗaɗa. Sannan a tambayi dattijon da ya san hoton tun yana nan, a rubuta sunan wuri da na mai motar da fensir a bayan takardar.