Wasiƙa daga Landan: rafin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, da fatan kuna lafiya, ya ruwa, ya kuma haƙuri da mu.

Tunda damina ta kankama nake ganin hotuna da bidiyon da kuke turowa a waya, ruwa ya shiga ɗakuna, kwalbati ta toshe, leda ta cika lambatu maƙil, kuma kusan kowa maganarsa ɗaya ce, wai hukuma ta zo ta faɗaɗa magudana ta zuba kankare a huta. Wallahi nima da can haka nake gani. Abinda ya canza min tunani wani ɗan rafi ne dake kusa da inda nake zaune a kudu maso gabashin Landan, sunansa Quaggy, ana faɗinsa kamar Kwagi, kuma labarinsa nake so na baku.

Rafin ba wani babba bane, wani wurin ma yaro zai iya tsallake shi, yana gangarowa ne ya haɗu da wani mai suna Ravensbourne a tsakiyar Lewisham, daga nan su faɗa kogin Thames ta Deptford. Amma kar ƙanƙantarsa ta ruɗe ku, a watan Satumba na 1968 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafukan nan suka cika suka tumbatsa suka shanye tsakiyar Lewisham, har yau tsofaffin unguwa basu manta ba. A shekarun 1960 ɗin nan dabarar injiniyoyi ita ce a miƙe rafi samɓal a ɗaure shi da kankare, wani wurin a tura shi cikin bututu a rufe da ƙasa. A filin shaƙatawa na Sutcliffe Park haka aka yi, shekara da shekaru yara na buga ƙwallo a sama basu ma san akwai ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙafarsu ba. Landan dama ta saba da binne rafukanta, irinsu Fleet da Tyburn da Effra duk suna nan ƙarƙashin titi sun zama hanyar ƙazanta.

To wajajen 1990 sai hukumar dake kula da koguna ta sake fito da shiri na ƙara zurfafa magudanar da faɗaɗa ta, a ƙara kankare kan kankare. Nan fa mutanen unguwa suka ce a'a. Ba manyan mutane bane, mazauna wurin ne kawai da bayan gidajensu ke kallon rafin, suka haɗa ƙungiya wadda daga baya ta zama Quaggy Waterways Action Group. Abinda ya burge ni da su shine basu tsaya a kan "bamu yarda ba" kaɗai ba, sun zo da nasu shirin a hannu. Hujjarsu mai sauƙi ce kuma duk wanda ya taɓa zuba ruwa a kan siminti ya gane ta, kankare baya shan ruwa, gudu yake ƙara masa, to in ka gyara naka sashen ruwa ya wuce da sauri ai ba kashe ambaliya kayi ba, tura ta kayi ga na ƙasa da kai, kuma duk ruwan sai ya iso mahaɗa lokaci guda. Suka ce maimakon haka a ba ruwan wurin da zai zauna ya huce tun daga sama, a sauke filayen wasa su zama kamar fadama, in ruwa yayi yawa ya bazu a ciki, in an ɗauke ya tsiyaye a hankali.

Ba a rana ɗaya aka saurare su ba fa. Sama da shekara goma ana mitin ana rubuta takardu ana kai gwauro ana kai mari. A 2002 aka fasa kankaren Chinbrook Meadows, wani filin shaƙatawa da Quaggy ke ratsawa, aka bar rafin ya koma lanƙwasa yadda Allah ya yi shi. A 2003 katafila ta shiga Sutcliffe Park, aka tono rafin aka fito da shi sarari, aka sauke ƙasan filin, aka sake buɗe wurin a 2004. Yanzu filin nan yana iya riƙe ruwa kubik mita 85,000, kwatankwacin kududdufin ninƙaya na gasar Olamfik guda 35, kuma gidaje da shaguna kusan 600 ne haɗarin ambaliya ya ragu a kansu. Ranar da ba ruwa kuwa sai kaga zalɓe a tsaye a bakin gaɓa, mazari na ta shawagi, iyaye na tura jarirai a keke. Hukumar muhalli ta Ingila ce ta ɗauki nauyin aikin, filayen kuma na kansul ne, wato ƙananan hukumomin Greenwich da Lewisham, dabarar kuma daga bakin mutanen unguwa ta fito. In ka cire ɗaya daga cikin ukun nan da har yanzu rafin yana cikin duhu.

Wasunku sun turo min bidiyon Cheonggyecheon na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, inda aka rushe gadar sama aka fito da rafi a 2005. Yana da kyau ƙwarai ba musu, amma aiki ne na maƙudan kuɗi daga sama, kuma mafi yawan ruwan da kuke gani da famfo ake turo shi. Ni na Quaggy yafi kwanta min a rai saboda irin abinda unguwa zata iya farawa ne da kanta.

Kuma aikin bai ƙare ranar da aka yanke kirtani ba, nan ne ma nake so ku ba ni aron kunnuwanku. Duk bazara ana fita aikin gayya a rafuka uku na yankin, Ravensbourne da Pool da Quaggy, ni ma na fara binsu. Ana baka dogon takalmin roba mai kaiwa ƙirji da safar hannu, a yi maka bayanin yadda zaka kiyaye kanka, sannan ku shiga ruwa. Abinda muke fitarwa sai wanda ya gani, leda, gwangwani, kwalabe, tayar mota, keken tura kaya na kanti, da tsumman goge jikin yara da mutane ke jefawa a masai. Sai wata ciyawa mai fure ruwan hoda da suke kira Himalayan balsam, a 1839 aka shigo da ita ƙasar nan don ado, yanzu ta zame musu alaƙaƙai, tana danne sauran tsirrai, lokacin sanyi kuma ta mutu ta bar gaɓa tsirara ruwa yayi ta zaizaya. Da hannu ake tumɓuke ta kafin tayi iri. Mu namu hannu ne da lokaci, kansul da ƙungiyoyi irinsu Thames21 su suke kawo kayan aiki da inshora da izinin shiga, sannan mota ta zo ta kwashe abinda muka tara. Motar nan ƙaramin abu ce a ido amma ita ce ƙashin bayan aikin, don in ka tara shara a bakin gaɓa ba'a ɗauka ba ruwan farko zai maida ta inda ta fito, kuma wanda ya ɓata Asabar ɗinsa ba zai sake fitowa ba.

Akwai kuma aikin sa ido, wanda ba ma'aikacin da zai iya shi kamar mazaunin wuri. A unguwanni da yawa nan bututu biyu ne, ɗaya na ƙazanta mai zuwa wurin tace ruwa, ɗaya na ruwan sama mai faɗawa rafi kai tsaye. Sai mai gyaran famfo yayi kuskure ya jona injin wanki ko ma banɗaki da na ruwan sama, mai gida bai sani ba, kullum kumfa da ƙazanta na shiga rafi. 'Yan sa kai ne ke bin gaɓa da ƙafa suna duba bakin kowane bututu, su ɗau hoto su tura, kamfanin ruwa ya bi sawu har gidan, in mai gida yaƙi gyarawa doka ta ba kansul ikon tilasta shi. Wasu kuma duk wata suke shiga da 'yar koma, su tattaka tsakuwar ƙasan ruwa na minti 3, su juye a farin tire su ƙirga ƙananan ƙwarin ruwa, in adadin ya faɗi warwas an san wani abu ya zubo, sai a buga wa hukuma waya tun kafin a ga kifi ya taso.

Kar ku ɗauka aljanna nake baku labari. Daga 2010 an yi shekaru ana ta rage wa kansul-kansul na ƙasar nan kuɗi, kuma yana min ciwo in naga ana neman maida 'yan sa kai madadin ma'aikacin da ya kamata a ɗauka a biya shi haƙƙinsa. Rafukan ma har yanzu ƙazanta na shiga in an yi ruwa mai ƙarfi.

Roƙona gare ku, musamman matasa masu ƙungiyoyin unguwa, in zaku je wajen kansila ko shugaban ƙaramar hukuma kar ku je da kuka kaɗai. Ku zaɓi ɗan sashe na rafinku ko da taku ɗari biyu ne, ku bi shi da ƙafa, ku tambayi dattawa ta ina ruwa yake bi kafin a yi gine-gine da kuma inda yake kwanciya, don su suka san tsohuwar hanyarsa. Ku zana a takarda, ga inda yake toshewa, ga mai zubo da me, ga filin da bai kamata a yanka fuloti a kai ba. Sannan ku nemi abu takamaimai, mota ɗaya ranar kaza, wurin zuba shara a nan, rubutacciyar yarjejeniya cewa wannan filin na ruwa ne. Ku ajiye kwafin komai, saboda kansila zai sauka wani ya hau kuma dole ku sake komawa.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zamu shiga ta wajen Ladywell, zan ɗauko hotuna na turo muku ku ga yadda gaɓar take yanzu. Wanda ya fara wani abu a nasu rafin don Allah ya rubuto min ya faɗa min yadda suka kwashe da hukuma.

A gaida kowa da kowa, Allah ya tsare mana ku da dukiyoyinku a daminar nan.

Naku,
ɗan uwanku a Landan