Darasi ne ke zaɓar hanyar koyonsa

Idan jarrabawar WAEC da JAMB ta ƙarato, a nan Jos nakan ji ɗalibai suna cewa, "Ni sai na ji da kunnena nake ganewa," wani kuma ya ce shi sai ya ga zane. Wannan rabe-raben ya shahara ne ta hanyar tsarin VARK, wanda Neil Fleming na ƙasar New Zealand ya fito da shi a 1987, inda ya kasa masu koyo gida huɗu: masu dogaro da gani, da ji, da karatu da rubutu, da kuma aikin hannu.

Yana da kyau mutum ya san abin da ya fi masa daɗi, amma ina jin tsoron yadda wasu ke mayar da shi katanga. A 2008, Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da ɗalibi ta salon da ya fi so yana ƙara masa fahimta ba. A ganina darasin ne ke zaɓar hanya. Taswirar Filato sai da ido, tajwidi sai daga bakin malami, gyaran inji kuwa sai hannu ya sha baƙin mai.

Makarantar allo ta daɗe da haɗa waɗannan hanyoyi. Almajiri yakan rubuta da tawada, malam ya biya masa, shi kuma ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, ba zai wanke allo ba sai karatu ya zauna, sannan ya riƙa komawa baya yana tilawa. Wannan komawar ita ce ginshiƙi, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma a 2006 Roediger da Karpicke sun gano cewa wanda ya gwada tuno darasi ya fi riƙe shi bayan mako guda fiye da wanda ya yi ta sake karantawa.

Shi ya sa nake gaya wa ƙannena masu shirin jarrabawa su rufe littafin bayan kowane babi, su rubuta abin da suka tuna, su duba inda suka yi kuskure, sannan su sake gwadawa bayan kwana biyu da kuma bayan mako guda.