Tseren da agogo ke yi wa alƙalanci

A tseren zamiya kan dusar ƙanƙara ba a jera mutane kafaɗa da kafaɗa a busa musu usur. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu daga kan dutse. Ɗan tsere zai tsaya a wata 'yar rumfa can ƙololuwa, ƙafafunsa ɗaure a kan dogayen alluna biyu, sanda a kowane hannu. Da zarar ƙwaurinsa ya ture siririn karan da ke bakin rumfar, agogo ya fara ƙirga, kuma ba zai tsaya ba sai jikinsa ya ratsa hasken na'urar da aka kafa a gindin dutsen. Ba ya ganin wanda yake karawa da shi. Wannan tsari ne ya ja hankalina, domin ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma ranar gasar gidaje hannuna ake danƙa wa agogo.

Gasar Olimfik ta hunturu da aka yi a Beijin a Fabrairun 2022 a waya na bi ta, daidai lokacin da namu sanyin yake sallama. Sin ta riga mu da awa bakwai, don haka tserensu na hantsi yakan faɗo mana wajajen asuba. An yi na kan dutse a Yanqing, inda ƙanƙara ba ta cika zuba ba, sai da aka sa injuna suka fesa ta. Iska ta sa aka ɗaga tseren gangara na maza da kwana ɗaya. Shi ne mafi haɗari a cikinsu, gudun mutum yakan haura kilomita 130 a awa, babbar kariyarsa ita ce hular kwano da ragar da aka kafa a gefen hanya.

Beat Feuz na Suwizalan ya ci zinare da minti ɗaya da daƙiƙa 42.69. Johan Clarey na Faransa ya biyo shi da tazarar 0.10, Matthias Mayer na Ostiriya ya ɗauki tagulla da 0.16. Na ɗauko takarda na lissafa: hanyar ta ɗan haura kilomita uku, ke nan kowace daƙiƙa suna cin wajen mita talatin, kuma abin da ya raba zinare da azurfa bai fi mita uku ba. Clarey kuwa shekararsa 41 a ranar, babu wanda ya taɓa cin lamba a wannan wasa a Olimfik yana da shekarunsa kafin shi. Na yi masa murna sosai. A wajenmu ɗan wasa yana haura talatin ake fara yi masa kallon wanda ya kamata ya koma gefe.

Akwai tazarar da ta fi wannan ƙanƙanta. A Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, a 2018, Anna Veith ta Ostiriya tana kan gaba a tseren da suke kira sufa-ji, mai kama da na gangara amma ya fi shi yawan lanƙwasa, manyan 'yan wasa duk sun sauko, har an fara taya ta murna. Sai ga Ester Ledecká ta ƙasar Cek, mai lamba 26, wadda aka fi sani da wasan zamiya na allo guda. Ta iso da 1:21.11, Veith na da 1:21.12. Kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, a ƙasa bai kai kamu ɗaya ba. Ita kanta ta tsaya tana kallon allon sakamako baki buɗe, ta ɗauka kuskure ne. Ba wanda ya je ya raɗa wa alƙali cewa waccan ita ce mai riƙe da kambu tun 2014, a duba mata. Zinaren ya tafi inda agogo ya nuna.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Sochi a Rasha, 2014. Tina Maze ta Sulobeniya da Dominique Gisin ta Suwizalan suka gama tseren gangara da lokaci ɗaya tak, 1:41.57. Ba a sake tsere ba, ba a jefa ƙuri'a ba. Aka ba kowacce zinare, aka bar azurfa ba mai ita, Lara Gut ta karɓi tagulla. A ganina hukuncin da ya dace ke nan: an yarda tun farko cewa iyakar awo kashi ɗaya cikin ɗari ne, to ba a canza mudu bayan an gama ciniki.

Da na ba kawuna wannan labari a Argungu, shi da ya shafe shekaru yana shiga Matan Fada da homa da gora ranar bikin kamun kifi, sai ya ce, "To ai mu ma haka ne, ɗana. Ka fito da giwan ruwanka, sikeli ne zai yi magana, ba bakinka ba." Na ce, "Gaskiya ne Kawu, ku kun huta." Na faɗi haka ne don na san abin da ke faruwa a filinmu. Yara takwas za su taho a guje cikin ƙura, malamai uku na tsaye bakin layi kowa da gidan da yake so, agogo ɗaya ne a hannuna kuma na farko kaɗai zan iya kamawa. Na taɓa ganin yarinya ta sha gaban kowa a mita ɗari aka rubuta ta a ta biyu, saboda wadda ke kusa da ita ce kowa ya saba gani tana ci. Ta zo tana kuka ta ce, "Malam, wallahi ni na riga ta." Ba ni da abin da zan nuna wa kowa. Ba ta sake shiga tsere ba har ta gama makaranta, kuma abin yana cina har yau.

Agogo ba ya duba suna, ba ya kuma jin tausayi. Mikaela Shiffrin ta Amurka ta je Beijin da zinaren 2014 da na 2018, amma sau uku tana kauce hanya ba ta kai ƙarshe ba. A silalom, inda ake zagaya sanduna a jere, ta fita tun a sandunan farko, ta zauna a gefen hanya ta kifa kai a gwiwa. Johannes Strolz na Ostiriya kuma, wanda aka cire daga tawagar ƙasarsa a 2021, ɗan sanda ne da yake gyara allunansa da hannunsa, ya dawo ya ci zinare a tseren haɗaka (inda ake haɗa lokacin gangara da na silalom), wanda mahaifinsa Hubert ya ci a Calgary a 1988. Ya ƙara da azurfa a silalom. Abin da ya maido shi tawaga shi ne lokacin da agogo ya rubuta masa a gasar Adelboden ta Suwizalan wata guda kafin Olimfik, lamba ce a rubuce da ba mai iya musu.

Na san adalcin agogo daga bakin rumfa yake farawa. Suwizalan ta kwashi zinare biyar a Yanqing domin yaranta a gindin duwatsun suke tashi. Tun da Lamine Guèye na Senegal ya shiga wannan tsere a Sarajevo a 1984, 'yan Afirka ɗaiɗaiku ne ke zuwa, kuma nahiyar ba ta ci lamba a wasan ba. Wannan ba ya damuna ƙwarai, ƙanƙara ba tamu ba ce. Gudu namu ne, kokawa da ninƙaya ma haka, kuma a nan ne muke asarar yara don ba ma auna su.

Bana na roƙi shugaban makarantarmu ya bar ni in ɗaure waya a jikin sanda daidai layin ƙarshe, tana ɗaukar bidiyo, wanda duk ke da ƙorafi a mayar masa a hankali ya gani. Na kuma sayi babban littafi, kowane yaro da shafinsa: suna, aji, tsere, lokaci. Ya ce, "Malam, ba za ka jawo mana rigima da masu gidaje ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, rigimar muna da ita tun da." Ya amince mu gwada da mita ɗari da mita ɗari biyu, in ya yi kyau a ƙara da tseren miƙa sanda baɗi.