Godiya Bayan Laccar Hawa Kujerar Farfesa

Alhamdulillahi, taro ya tashi lafiya. Ni da iyalina muna godiya ga duk wanda ya halarci laccar da na gabatar ranar Laraba a fannin ilimin duwatsu, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa suka bugo waya. Allah ya bar zumunci.

Shugabannin jami'a da malamaina na gode musu a kan mumbari. A nan ina so in ambaci waɗanda sunansu ba ya shiga takardun bincike.

Na farko Baba na ɗakin gwaji, wanda yake yanka dutse ya yi ta goga shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi a madubin ƙara girma. Rabin aikina a kan duwatsun Maru da Anka da Birnin Gwari ne, waɗanda zafi da matsi suka rikiɗa a ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Duk abin da na karanta a jikinsu, ta hannun Baba ya biyo. Sai dagatai da masu unguwanni da suka sauke mu, da samarin da suka riƙa mana guduma da jaka a daji. Yawancin wuraren nan yau ba ma iya kai ɗalibai saboda 'yan bindiga. Allah ya kawo musu sauƙi.

Na ga zaure ya fi yin tsit da na zo kan dutsen Zagami. A ranar 3 ga Oktoba 1962 ya faɗo daga sama a ƙasar Faskari ta Katsina, kusa da wani manomi a gonarsa, nauyinsa kimanin kilo 18. Daga baya aka gano iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbon Viking ya auna a duniyar Mars a 1976, alamar daga can dutsen ya fito. Da manomin nan ya tsorata ya yi shiru, da babu wannan babi a aikina. Allah ya saka masa da alheri.

Ga ɗalibar da ta yi tambaya kan fitar da dutsen Mars na yankin Agadas zuwa ƙasar waje, mai kilo kusan 25, da aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3: 'yata, tambayarki ta fi amsata. Ra'ayina dai shi ne, irin wannan dutse a bar wa jami'o'in ƙasar da aka tsince shi kaso kafin ya fita.

Hajiya uwargida, ke kika riƙe gida ina yawon tsintar duwatsu, kika kuma haƙura da buhunan da suka cinye mana shago. Allah ya biya ki da Aljanna.

Baƙinmu na Sakkwato da Maraɗi, Allah ya mai da ku gida lafiya. Masu neman rubutacciyar laccar su tuntuɓi ofishin sashe daga ranar Litinin.