Jawon Kare da Kyarkeci: Aikin Ɗakinmu a Unguwar Rimi

Mu uku ne a ɗakin, ni da ƙanwata da wani yaro mai koyon aiki, a saman wani shagon ɗinki a Unguwar Rimi, Kaduna. Sana'armu ita ce ƙirƙiro launi da tsarin jawon karnuka da kyarketai na katun. Akwai matasa birjik a Amurka da Jamus da Rasha da Birazil da suka taso suna kallon katun na garken kyarketai da na karnuka masu jan amalanke a kan ƙanƙara, har abin ya shiga ransu. Kowannensu yana son ya mallaki nasa gwarzon a cikin wannan duniyar, ya raɗa masa suna, ya ƙaga masa asali, ya rubuta labarai a kansa, ya biya masu zane daban-daban su zana masa shi. Kafin a kai ga haka sai dabbar ta samu jikin da za a shaida ta da shi ko daga nesa. Wannan jikin muke yi.

Abin da muke miƙa wa mai aiki shafi ne guda, takardar kamanni. A ciki akwai dabbar a tsaye ta dama da ta hagu, ta gaba da ta baya, ga kai shi kaɗai an faɗaɗa shi, ga tafin dagi, ga cikin kunne, ga launin ido da na harshe. A ƙasa mu jera launukan kowanne da lambarsa, yadda mai zane a Legas ko a Japan zai ɗauka bai kuskure ba. Ni da manhajar zane ta Krita nake aiki, ƙanwata ta fi sabawa da Clip Studio Paint, allunan zanenmu na Huion ne. Waɗannan duk mai kuɗi zai saya. Sanin inda fari ke zama a jikin kare kuwa, sai wanda ya zauna ya koya.

Duk launin da ka gani a jikin kare daga sinadari biyu ya fito. Ɗaya ke ba da baƙi, wanda gado kan sauya shi ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka. Ɗayan ke ba da ja, tun daga ja wur har zuwa ruwan madara. Fari kuwa rashin launi ne. Tun kwikwiyo yana cikin uwarsa, ƙwayoyin da ke ɗauke da launi daga gadon baya suke tasowa suna gangarowa, to wuraren da suka fi nisa su ne akan bari fayau: yatsun ƙafa, ƙirji, tsinin wutsiya, saman hanci. Dubi Balto, karen nan da ya yi suna a 1925 lokacin da aka kai maganin mashaƙo garin Nome a Alaska: baƙi ne mai farin ƙirji da farin ƙafa. Dubi Basenji na ƙasar Kwango, haka. Dubi karen mafarautan garinku, haka. Idan mutum ya ɗora farin faci a tsakiyar baya ya bar ƙafafu baƙi ƙirin, mai kallo ba lallai ya san dalili ba, amma idonsa zai gaya masa akwai abin da bai zauna ba.

Ƙa'idojin suna da yawa, kuma ina son su. Kare mai ruwan ƙasa ba ya yin baƙin hanci, domin abin da ya sauya baƙin jawonsa ya sauya na hancinsa da na leɓensa. Ratsi-ratsi a kan ja yake fitowa, saboda haka baƙin kare mai jan gira da jan ƙafa, a girar da ƙafar kawai za ka ga ratsin. Akwai kuma irin da muke ce wa hadari-hadari, inda baƙin ke dusashewa wuri-wuri ya bar faci-faci masu yagaggen baki. Matasa suna mutuwar sonsa, sau da yawa da shuɗin ido. Ina yi musu, amma in mai aiki ya ce uwa da uban gwarzonsa duka hadari-hadari ne, nakan sanar da shi cewa a karnukan gaske wanda ya gaji wannan daga ɓangare biyu yakan fito kusan fari fat, kuma da yawansu kurame ne ko makafi. Wasu su sauya iyayen, wasu su ce to a bar shi kurma, labarin ma ya fi daɗi.

Masu kwafe ba su san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Sai mutum ya sauke zanenmu daga DeviantArt, shafin masu zane a intanet, ya juya shi dama ta koma hagu, ya ja ɗan maɓallin sauya launi, ya goge sa hannunmu, ya kafa shi a kasuwa da kuɗin da bai kai na katin waya ba. Da kallo ɗaya nake gane su. Maɓallin ba ya zaɓe, komai yake juyawa, sai ka ga kare mai jan jawo da koren hanci, inuwar cikinsa ta koma ruwan hoda. Abin yana ci mini rai matuƙa, domin yaron da ya saya bai san an cuce shi ba sai ranar da masu sha'awar suka yi masa caa a intanet cewa gwarzonsa na sata ne.

A wurin kawuna na koyi zane. Ya yi aiki a ɗakin zane na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, unguwar da masaƙa ta farko ta fara aiki a 1957 har aka riƙa yi wa Kaduna kirari da garin masaƙu. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, ya dawo gida da burusansa da tulin takardun kwafi a cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe. A zaurensa na Tudun Wada yake zaunar da ni bayan la'asar. Launi huɗu kacal yake matsa mini a faranti, domin a masaƙa kowane launi da nasa bugun, ƙarin launi ƙarin aiki ne. In na gama sai ya ɗauki takardar, ya kai ta bakin ƙofa ya jingine, ya dawo ya zauna kusa da ni.

"Kanne idonka, yaro. Me ka gani?"

"Kawu, duk ya cakuɗe."

"To mace a kasuwa daga nesa take hango atamfa. In ba ta kira ta daga can ba, ba za ta matso ta taɓa ba. Sake."

Har gobe haka nake gwada kowane jawo. Nakan mayar da shi fari da baƙi a kwamfuta, in ƙanƙanta shi ya koma girman ɗan yatsa, in koma bakin ƙofa. In ban iya bambance sirdin baya, wato duhun da ke kwance a bayan dabbar, da farin ƙasan cikinta ba, aikin bai yi ba. Wannan horon na launi huɗu shi ne ya zo daidai da katun, domin a fim ana nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, ko an rage ma akan zana 12, kuma kowane tabo da ka sa sai wani bawan Allah ya maimaita shi a kowane hoto, dabbar tana gudu, tana juyi, tana kwanciya. Mai tausayin abokin sana'arsa ba ya yayyafa ɗigo ɗari a cinya.

Kare kuma wajen mafarauta na san shi. Da rani, in suna haɗuwa a bayan Rigasa kafin su shiga daji, nakan bi su da littafina. Inna ba ta son zancen, kullum sai ta sa na yi wanka na sauya kaya kafin in zauna mata a tabarma. Wani dattijo a cikinsu, da ya ga na nace, ya kira wata karyarsa mai ruwan toka, ya riƙe mata wuya ya ce, "Zo ka gani, samari." Ya sa babban yatsa ya buɗe jawon kafaɗarta. Ashe kowane silin gashi hawa-hawa ne: gindinsa toka-toka, tsakiyarsa ruwan zuma, tsininsa baƙi. Ya sake yatsan, jawon ya rufe, ta koma toka-toka kamar da. Na ce, "Baba, a sake buɗewa." Irin wannan gashin ne a jikin kyarkeci, shi ya sa launinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, bayan ya yi duhu, ya riƙa washewa ta haƙarƙari har ya kai farin ƙasan ciki da farin maƙogwaro. A katun ba a zana sili-sili, don haka dabarar ita ce ka yanke inda duhun zai tsaya, ka ba bakinsa tsini uku ko huɗu masu bin kwanciyar gashi, daga kafaɗa zuwa baya, daga kunci zuwa ƙasa. Yaron da ke koyo a wurina bakin sirdin nan kaɗai na sa shi ya yi ta zanawa kafin in bar shi ya taɓa ido.

Abin da ya fitar da mu daban a wannan kasuwa shi ne ba ma tsayawa a toka-toka da farin ƙanƙara da kowa ke yi. Muna da karen Azawak na Buzaye, dogo siriri mai ruwan yashi. Muna da dila mai ratsi a gefe da farin tsinin wutsiya, da jan kyarkecin tsaunukan Habasha, da karen dajin Afirka mai faci-facin baƙi da rawaya da fari, wanda ba a samun biyu masu tsari ɗaya. Ƙanwata takan je hawan sallah a Zariya ta dawo da hotunan dawaki, akawal da kili da hurde, mu zauna mu ga yadda za a ɗauko dabbaren hurde a kwantar da shi a bayan kyarkeci ba tare da an karya ƙa'ida ba. Jan ƙasar Kaduna da ruwan kogin in damina ta yi nisa duk suna cikin farantinmu.

Wata yarinya daga Folan ta taɓa aiko mana da buƙata mai tsawo. Tana son kyarkeciya baƙa, shugabar garke, wadda kakarta karya ce, da launi bakwai da taurari a goshi da shuɗi a ƙafa. Na rubuta mata cewa baƙar kyarkeciya mai jinin kare abu ne da ke da tushe, domin binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna baƙin jawon kyarketan Amurka ta Arewa daga karnukan gida suka gaje shi, kuma a gandun Yellowstone, inda aka mayar da kyarketai a 1995, kusan rabinsu baƙaƙe ne. Sai na ba ta shawara mu bar gadon kakar ya bayyana a jiki: farin ɗigo guda a ƙirji mai siffar tauraro, farar ƙafar hagu ta gaba, kunne ɗaya ya ɗan karye a tsini. Shuɗin muka kai shi ido. Furfura muka yayyafa kaɗan a haɓa, tunda baƙaƙen kyarketai suna yin fari da tsufa. Launi huɗu ya ishe mu. Daga baya ta riƙa turo mana zanen da wasu masu zane suka yi mata, kowa da salon hannunsa, kuma a cikin kowanne kana gani ka san ita ce.

Ita ma ba ta tsira ba. An kwafe ta, an mayar da ita ja, an bar tauraron a inda yake. Yanzu kuma ga masu zuba aikin mutane a manhajar ƙirƙirarriyar basira su ce ta fito musu da irinsa. Abin da ke fitowa yana sheƙi, amma ka ce a juya maka dabbar ta ɗaya gefen, sai farar ƙafa ta koma dama, tabon ido ya ɓace. Takardar kamanni da gefenta biyu ba su yarda da juna ba, me mai zane zai yi da ita?

Na gida ma suna zuwa, ɗaliban Kaduna Polytechnic da na Jami'ar Ahmadu Bello masu haɗa littattafan katun nasu, kuma ina jin daɗin zuwansu ƙwarai. Sai dai ciniki. "Haba Oga, ai kare ne kawai, launi za ka shafa, a duba mana." Nakan jawo masa kujera in ce, "Zauna, ɗan'uwa, ga alƙalami, nuna mini inda farin zai tsaya a wuyansa in ya waiwaya." Yawanci daga nan hirar takan koma ta aiki, wasu ma su dawo koyo ranar Asabar.

Duk tsarin da ya fita daga ɗakinmu na mutum ɗaya ne, ba ma sayar da shi sau biyu, ba ma sauya masa launi mu sake kai shi kasuwa. Muna ajiye asalin fayil da shimfiɗunsa da kwanan watan da aka fara shi, saboda ranar da wani zai taso ya ce nasa ne. Mai son aiki ya aiko mana da halin gwarzonsa, shekarunsa, irin ƙasar da yake zaune, da launi biyu da ba ya son gani. Sai mu turo masa zubi uku a fari da baƙi ya zaɓa, kafin mu taɓa launi.